Kafin Ta Yi wa Kowa Magana

Duk wanda ya taɓa kwana a gidan direban nan ya san dokar matarsa: da safe ba ta yi wa ɗan Adam magana sai ta fara yi wa Allah. Ko "ina kwana" ba ta amsawa. Da ta buɗe ido za ta sauko daga gado, ta shimfiɗa wani tsohon bargo a lungun da ke tsakanin gado da kabad, ta durƙusa ta ba ƙofa baya. Ta karanta abin da ya sawwaƙa a Littafi Mai Tsarki, sannan ta shiga addu'a ƙasa-ƙasa, tana kiran mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya: yara, sai surukarta, sai maigida a ƙarshe, don nasa roƙon ya fi na kowa tsawo. In yaro ya faɗo ɗakin yana neman safarsa, hannu kawai take ɗagawa, wato jira. Tun tana budurwa ta yi wa Ubangiji alkawari cewa kalmarta ta farko a kowace rana tasa ce, kuma aure da goyo ba su sa ta karya shi ba.

Mijin kuwa, Allah ya yi shi da tsokana. "Kai, ku yi shiru," yakan ce wa yara, "Madam tana waya da Sama, kada layi ya yanke." Ba za a ce bai san Allah ba, amma tuƙin babbar mota ya cinye masa Lahadi da yawa, in ma ya samu zuwa majami'a, kafin wa'azi ya kai rabi ya fara gyangyaɗi.

A kan haka suka yi cacar baki wata Asabar da yamma. Ya dawo daga hanya idanunsa jajur don rashin barci, ya zauna cin abinci yake gaya mata wai an ba shi wani lodi, da sassafe zai tashi.

"Gobe fa Lahadi, Baban yara."

"Kaya ba su san Lahadi ba."

"Kai dai mota ce a gabanka, Allah yana baya."

Ya ajiye cokali. "To ke da kika sa shi a gaba, ai sai ki roƙa mana duka."

Maganar ta yi mata zafi, tata ma ta san ta yi masa. Haka suka kwanta kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya.

Da gari ya fara wayewa tana durƙushe a lungunta sai ta ji takunsa a bakin ƙofa, da ƙarar makullai a hannunsa.

"Maman yara."

Ta ɗaga hannu.

"Maman yara, magana ɗaya ce."

Ta ƙara ɗaga hannun sama, ba ta waiwaya ba. Da ta gama ta miƙe, bakin ƙofa ba kowa, sai rabin kofin shayi a kan tebur. Kafin a tashi daga sujada a majami'a labari ya iso: tayar gaba ta fashe masa a wata kwana, mota ta bar hanya. Ko asibiti ba a kai da shi ba.

An yi jana'iza, 'yan gaisuwa sun cika gida sun watse. Matan majami'a suna riƙe hannunta suna cewa, "Mace mai addu'a irinki, Ubangiji zai riƙe ki." Ita kuwa ji take kamar ta ce musu don Allah su yi shiru. Me suka sani? Mutum ya tsaya a kanta da magana ɗaya a bakinsa, ta ɗaga masa hannu kamar ɗan sanda a mahaɗar hanya. Abin da ya fi cinta ma, wanda ba ta iya gaya wa kowa ba, shi ne ba ta da tabbacin don Allah ta ɗaga hannun nan. Akwai sauran fushin jiya a cikinsa, ita ta sani.

Tun daga ranar bargon bai sake ganin ƙasa ba. Ta naɗe shi ta cusa a saman kabad. Ba wai ta daina yarda akwai Allah ba ne, a'a, gaba take yi da shi. Da ta farka sai ta yi maza ta yi wa wani magana, ko wane ne: ta daka wa yara tsawa su tashi, ta yi wa famfo faɗa don bai kawo ruwa ba. Kalmar farko dai ba za ta ba Allah ba. Ta ba shi ita shekara da shekaru, ga abin da ya saka mata da shi.

A ɗakin wankin asibiti take aiki, can baya inda injuna ke ruri, tururi yana jiƙa wa mutum riga. Zannuwan gado ake turo musu a amalanke, na wanda aka sallama da na wanda ya cika duk a haɗe, ba mai iya bambancewa. A da tana ninki tana yi wa duk wanda zai kwanta a kai addu'a, har abokiyar aikinta takan ce zanin da ya bi ta hannunta ya fi allura magani. Yanzu ninkewa kawai take ta jibge. Ran nan ta bar dutsen guga a kan zani har ya yi baƙin tambari, tana tsaye tana kallonsa. Fasto ya zo gida, ta ba shi kujera da ruwa, ta saurare shi har ya gama, ta raka shi ƙofa ta yi godiya. Ba abin da ya shige ta.

Surukarta tsohuwa ce da idanunta suka rufe tun kafin a haifi autan gidan. Ɗakinta yana kallon nasu, 'yar siririyar baranda ce kawai a tsakani, kuma ba ta rufe ƙofa, wai iska ba ta isarta. Wata safiya matar direba ta kai mata ruwan zafi tana sauri za ta fita, tsohuwa ta laluba ta kama gefen zaninta.

"Zauna, 'yata."

"Mama, zan makara."

"Su jira. Gidan nan ya yi min shiru da safe. Ina muryar da nake ji daga ɗakin can?"

Ta yi niyyar ta ce gajiya ce. Sai kawai abin ya ƙwace mata. Ta zauna a bakin gadon tsohuwa ta faɗi duka: faɗan yamma, kiran da ya yi mata har ya maimaita, hannun da ta ɗaga, da fushin da ke cikin hannun.

"Ya tafi da maganarsa a ciki, Mama. Na zaɓi Allah na bar shi tsaye, ya gaji ya tafi. Ta ina zan sake durƙusawa?"

Tsohuwa ta kama yatsun matar ɗanta tana murzawa.

"Wa ya ce miki ya tafi?"

"Na juyo ban gan shi ba."

"Ke kin ba ƙofa baya, ni kuwa kunne ne idona. Yaron nan bai taɓa fita hanya ba sai ya tsaya a barandar nan, ya jingina da bango, makullai dunƙule a hannu don kada su yi ƙara. Ya ji kin kira yara, ya ji kin kira ni. Sai kin zo kansa kin gama, ya ce amin can cikin maƙogwaro, sannan ya sulale kafin ki tashi. Na taɓa ce masa, kai, ba za ka shiga ka durƙusa kamar mutane ba? Ya ce, Mama, rufa min asiri, in ta ji sai kanta ya fi ƙofar nan girma. Na yi masa alkawari, shi ya sa ban faɗa ba. Ban san abin da ke cinki ke nan ba."

Matar direba ta ce, "Har ranar?"

"Har ranar. Kin ce, Ubangiji, ka kai shi lafiya ka dawo da shi lafiya, ko da yake ya ɓata min rai. Na ji ya yi 'yar dariya. Sannan ya ce amin."

"Maganar da zai gaya min fa?"

"Wannan ban sani ba, ba zan yi miki ƙarya ba."

Kuka ya zo mata irin wanda ba ta yi ba ko a ranar jana'iza. Da ta samu bakin magana ta ce, "Amma bai dawo da shi ba, Mama. Na roƙa, shi ma ya ce amin, bai dawo da shi ba."

"Bai dawo da shi ba," in ji tsohuwa. "Ni na haife shi, kin ji na ce ya dawo? Wannan tambayar ba ni da amsarta. Ki je ki yi wa mai ita da bakinki. Ni dai na daɗe ban ji sunana da safe ba."

Ranar ta je aiki da kumburarrun idanu, ba wanda ya tambaye ta.

Washegari da ta farka, tsawar tashin yara ta zo mata har kan harshe, ta haɗiye. Ta taka kujera ta sauko da bargon, ta kakkaɓe shi. Gwiwoyinta suka yi ƙara da ta durƙusa. Ba ta san ta ina ake fara magana da wanda aka yi gaba da shi ba. Daga baya ta ce, "Ubangiji, ga ni. Har yanzu raina a ɓace yake." Ta kira yara ɗaya bayan ɗaya. Ta kira Mama, ta ɗan ɗaga murya don a ji. Sai ta iso wurin da sunansa yake, bakinta ya buɗe da kansa, amma ba hanyar da za ta roƙa a kai shi lafiya, ba ranar dawowa. Ta kira sunan kawai, ta kasa ƙara komai.

Daga ƙetaren baranda, ƙasa-ƙasa, tsohuwa ta ce amin.