A Ɗaga Muryar Ardo

Shanun Ardo Usmanu sun shiga gonar Malam Aminullahi da ke bakin hanyar Gangara ana dab da girbi, suka cinye kusan rabin geron. Maganar ba ta kai ga jandarma ba. Dattawa sun zauna an sasanta, sai dai Malam Aminullahi ya ce tun da kowa ya ga ɓarnar, ban haƙurin ma kowa ya ji shi. Aka yarda a naɗi muryoyinsu a sa a ƙaramin gidan rediyonmu ranar kasuwa. Samarin Gangara kuwa sun tare hanyar rijiya da ƙaya, sun ce shanun rugga ba za su sha ruwa a nan ba sai sun ji Ardo da kunnensu.

Ni ke haɗa sauti a gidan. Jibo, shugaban shirye-shirye, shi ya je ya naɗo maganar a gindin gawo, ya kawo mini a buro, wato ofishinmu. Malam Aminullahi murya gare shi kamar ta ladan. Ardo kuwa kansa a sunkuye yake magana, Hausarsa a hankali, kalma na bin kalma, kuma da ya iso inda zai ce a yi masa haƙuri sai muryar ta ƙara yin ƙasa. Can a tsakiya wani bijimi ya yi kuka dab da na'urar.

"Ki ɗaga muryar tsohon nan, Fauziyya," in ji Jibo. "Sa masa nawa."

Nasa wata 'yar manhaja ce da abokinsa ya sa masa a kwamfuta a Maraɗi, limita mai maɓalli guda. Aikin limita kamar rufin ɗaki ne, komai tsallen sauti ba ya wuce shi. Amma in ka matsa ta da yawa, mai raɗa da mai ihu duk sai kansu ya taɓo rufin. Da ita Jibo ke yin tallar taki da maganin ƙwari, kuma yana ji da ita. Na sa, na murɗa maɓallin, allurar ma'auni ta tsaya cak a inda yake so.

Da hantsi Dija, 'yar Ardo, ta biyo da ƙwaryar nononta. Na sa mata abin sauraro a kunne. Ta saurara kaɗan, ta cire, ta tambaye ni wane ne wannan.

Na ce mata Baffanta ne.

"Baffana bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Ko saniya."

Na karɓa na sake saurara, ban kalli allurar ba. Limitar ta jawo komai sama. Numfashin tsohon ya koma huci. Kuma akwai ɗan motsin harshe da yake yi kafin ya kamo kalmar Hausa da ta ɓace masa, wanda a wurin zaman ba wanda ya ji. Yanzu ya fito ƙarara, sak tsaki, ga shi kuma daidai bayan ya ambaci sunan Malam Aminullahi.

Jibo ya ce Dija ta koma kan ƙwaryarta ta bar mana aikinmu. Ta ce ai wanda ya saba yi wa ƙwari ihu ba zai san muryar mutane ba. Ya yi dariya, amma bai janye ba. Ya ce a kasuwa za a saurara, da 'yan ƙananan rediyo, tsakanin injin niƙa da babura. In ba a ji tsohon ba, daidai yake da bai yi magana ba, ƙayar kuma tana nan. Gaskiya ya faɗa.

Na ce wa Jibo, Shef, a ba ni zuwa la'asar.

Na ajiye ma'aunin mai allura, domin shi tsallen sauti kawai yake gani. Na buɗe wani da ke auna ƙarfin shirin gaba ɗaya, yadda kunne ke jin sa, yana zana shi kamar tudu da kwari. A zanen na ga ba Ardo ne ya yi ƙasa da yawa ba, sauran ne suka yi sama. Na sauke kiɗan buɗe shiri, na sauke Jibo, na ɗan rage Malam Aminullahi. Sannan na bi maganar Ardo jimla jimla da hannu, ina ƙara mata kaɗan, ina kwantar da numfashin da motsin harshen. Inda muryarsa ta sauka a wurin ban haƙuri na bar ta ta sauka. Daga nan na ɗaga shirin duka tare, na sa wata limita marar zafin hannu a ƙarshe. Abu guda ta taɓa, kukan bijimin.

Muka ɗora a wayar Jibo, muka je muka tsaya kusa da mai niƙa a bakin titi. Kowace kalma ta fito. Dija ta ja mayafinta ta rufe baki, ta ce wannan kam shi ne. Jibo ya ce to, amma kada in taɓa masa tallar taki.

Ranar kasuwa na hau mota na je Gangara. Na tsaya bayan rumfar wani tela ina juya atamfar da ba saye zan yi ba. Rediyonsa na rataye a ginshiƙi, samari sun cika bencin, har da Ridwanu, ɗan Malam Aminullahi, wanda aka ce shi ya fara saro ƙayar. Suna ta surutu har mahaifinsa ya gama magana. Da Ardo ya fara, wani ya miƙa hannu zai ƙara murya, Ridwanu ya buge hannun ya ce a yi shiru kawai. Tela ya ɗage ƙafa daga kan keken ɗinki. Suka karkato kai wajen ginshiƙin, har tsohon ya kai ƙarshe.

"Dattijon nan ya ji nauyin abin," in ji telan.

Ridwanu ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya tambayi na kusa da shi ko cokalin janye ƙaya yana gidansu. Uku suka bi shi.

Na ajiye atamfar. Telan ya matsa mini gefen benci, na zauna na kira Dija, na ce ta gaya wa Baffa su kora shanun rijiya da yamma.