Kalma ta Goma

Zelig mai gyaran agogo ya cika da sanyin safiya, a ɗan ɗakin ƙasar da suka raɓa a Samarkand, bayan kwana tara yana fama da zazzaɓin ƙwarƙwata. Mutumin da ya tsere wa sojan Jamus daga garinsu Zamosh, ya yi shekara guda da rabi yana saran itace cikin ƙanƙarar Sibiriya bai mutu ba, sai ga shi ƙwarƙwata ta kayar da shi ana tsakiyar furen itatuwa.

Matarsa Hinda ta ɗauko wuƙa ta tsaga wuyan rigarta ta dama, alamar makoki irin ta Yahudawa, ta miƙa wuƙar ga 'yarta Frayda, mai shekara sha biyar.

“Ke ta hagu. Na uba a kan zuciya ake yaga shi.”

Ba su da lokacin kuka. Idan rana ta take tsaka amalanken gawa zai zo, ya kwashe waɗanda cutar ta kashe zuwa rami ɗaya a bayan gari, ba wanka, ba likkafani. Addu'ar mamaci kuwa ba ta yiwuwa sai maza goma Yahudawa sun tsaya.

“Maza ki je layin burodi ki nemo mana mutane,” in ji Hinda. “Rufe yagar nan da mayafi, kada kowa ya gani.”

Wannan ba sai an tuna wa Frayda ba. Shekara uku ke nan babu abin da ta ƙware a kai kamar ɓoye ko ita wace ce.

A layin burodi ta bi 'yan gudun hijira tana raɗa musu a kunne. Wannan ya ce in ya bar layi 'ya'yansa su ci me, wancan ya yi kamar bai ji yaren ba. Ta ji haushinsu ƙwarai, ko da yake ta san yunwar da ke cikinsu. Biyu kawai suka fito, tsoho Motel da Leybush mai tari.

“Mu biyu da rabi ne, 'yata,” in ji Motel, “in kin haɗa da tarin Leybush.”

Ta kwatanta musu gidan, ita kuma ta yanki wani lungu ko za ta dace da wasu. Sai ta tsinci kanta a unguwar marina, zare shuɗi a shanye ko'ina yana ɗiga. Wata igiya ta fizge mata mayafi. Kafin ta ɗauka, wani tsoho ya miƙe daga bakin tukunyar baba, da riga mai zane-zane da 'yar hula irin ta mutanen garin, hannuwansa shuɗi har gwiwa. Ya kafe yagar da ido.

“Uwa ko uba?” ya tambaya da gurgun Rashanci.

“Ƙusa ce ta kama ni.”

“Lallai ƙusar nan ta yi karatu, har ta san hagu da dama.” Ya goge hannu a jikin riga. “Ni ma na yaga tawa a nan, shekara talatin da suka wuce. Rahmin sunana. Uwa ko uba?”

Frayda ta tsaya baki buɗe. Wata biyar tana wuce mutanen nan a hanya tana sunkuyar da kai, a zatonta ita da 'yan uwanta na jirgin ƙasa ne kaɗai Yahudawa a wannan ƙarshen duniya.

“Uba,” ta ce. “Baba, tun yaushe kuke nan?”

“Kakan kakana a tukunyar nan ya yi rini. Shi ma tarar da ita ya yi.”

Da ya ji zancen amalanke sai ya bar tukunyar. Ya bi ƙofofi yana bugawa. Samarin unguwar duk suna fagen yaƙi, sai tsofaffi suka riƙa fitowa, wani da sanda, wani yana ɗaura ɗamara a hanya, su shida ban da shi. Matar Rahmin ta biyo su da farin ƙyalle wanda bai shiga tukunya ba tukuna.

Suka yi wa Zelig wanka a hankali, suna neman gafararsa duk lokacin da suka juya shi, mutumin da ba su taɓa gani da rai ba. Da suka naɗe shi, Frayda ta leƙa ta ga sawun yatsu shuɗi-shuɗi a jikin likkafanin, ko'ina hannu ya taɓa. Hinda ta toshe baki da hannu biyu.

A tsakar gida Rahmin ya jera mazan. A al'adarsu ba a ƙirga mutane da lamba, don haka ya ɗauko wata aya mai kalma goma, yana ba kowane mutum kalma ɗaya. Motel ya zabura, don ayar da ake ƙirga da ita a garinsu ce, lafazin ne kawai ya bambanta. Ayar ta tsaya a kalma ta tara. Rahmin ya sake daga farko, kamar wani zai tsiro daga ƙasa. Tara dai.

Sai ga ƙarar ƙafar amalanke a ƙofar gida.

Grisha ake ce wa mai tuƙa shi, dogo, kullum da tsumma ɗaure a hanci da baki, ba ya gaisawa da kowa, kowa kuma na kauce masa.

“Ku fito da shi, ina da sauran gidaje,” ya ce.

Frayda ta je ta tsaya a bakin ƙofa. Ta manta mayafin a ɗaki. Grisha ya dubi yagar, ya dubi tsofaffin da ke bayanta.

Rahmin kuwa taurin kai gare shi. Ya juya wa amalanken baya ya ɗauko ayar karo na uku, da ƙarfi. Kalma ta bakwai, ta takwas, ta tara.

Daga kan amalanken kalma ta goma ta fito, da wata murya da ta dishe.

Mutumin ya sauko, ya kwance tsumman fuskarsa.

“Hershel sunana, daga Rovno. Ko jakin nan bai sani ba.” Ya ɗaure linzamin a jikin ƙofa. “Yau ban ga gawa a gidan nan ba.”

A kafaɗa suka ɗauki Zelig har kan tudu, inda kaburburan mutanen Rahmin suke, wasu rubutunsu ya goge don tsufa. Zelig bai bar ɗa namiji ba, saboda haka bayan an rufe shi Hershel ne ya ja addu'ar. Tara suka amsa da amin, bakwai da lafazin Samarkand, biyu da na gida, a gaɓa ɗaya, babu wanda ya riga wani. Frayda ta san kowace kalma daga bakin ubanta. Mamaki ya cika ta har ya danne kukan: wa ya kawo kalmomin nan wannan tudu tun kafin a haifi kakanninta, suka zauna suna jiranta?

Tsofaffin suka fara kaɗe ƙasa daga hannuwansu. Hershel bai motsa ba.

“Baba,” ya ce wa Rahmin, “ku ɗan ƙara tsayawa. Wata huɗu ina kai namu ramin can ni kaɗai, babu mai ce musu amin. Su ɗari biyu da sha ɗaya ne.”

Leybush ya haɗiye tarinsa. Mai sanda ya gyara tsayuwa. Hershel ya juya fuskarsa wajen bayan gari, ya ɗauko addu'ar daga farko.