Ruwan Gidan Awabu

Kamfani ya aike ni in rufe ruwan gidan Awabu. A unguwar Woolwich ne, cikin birnin London, shekarar 1992.

Sunana Osmanu. Daga zangon Kumasi na zo ƙasar nan da ƙarfina. Ban yi boko ba. Aikina haƙa titi da gyaran bututu, tun ruwa yana hannun gwamnati. Da aka sayar wa 'yan kasuwa, sai aka ce kamfani yana cikin matsi, hukuma kuma ta hana shi ƙara farashi yadda yake so. Aka sallami abokan aikinmu da yawa. Mu da muka rage, aka ce duk gidan da ya kasa biya har kotu ta yanke hukunci, mu je mu ɗaure famfonsa na bakin titi. Gidan Awabu ne na farko da ya faɗo kaina.

Dokar aiki, sai ka ƙwanƙwasa ka sanar. Na ƙwanƙwasa. Wata dattijuwa ta buɗe, ita ce Awabu, ta dubi tsagar fuskata, ta gaishe ni da Hausa. Kafin in buɗe baki ta juya ciki, ta dawo da ruwa a kofi bisa faranti, ta rusuna. Haka ake yi a gida. Baƙo sai ya sha kafin a tambaye shi abin da ke tafe da shi. Na karɓa na sha, ban tsaya tunani ba.

"To Baba, lafiya?"

Daga ɗaki ina jin tarin namiji. Ta ce mijinta ne, ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya tashi. Zannuwan gado jiƙaƙƙu rataye a kan kowace ƙofa.

Na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙe ni ba. Ta karɓi kofinta ta ce, "Ka ɗan jira ni in cika bokiti."

Na koma mota. Rwang, mutumin Jos, shi ne foreman ɗinmu, wato shugabanmu a wurin aiki. Mun daɗe muna shiga rami ɗaya da shi. Na same shi yana cin burodi.

"Tsoho, ka gama? Ko aure ka tsaya nema?"

"Na sha ruwanta."

"To sai me? Ai ruwan kamfani ka sha."

"A hannunta na karɓa."

Ya ajiye burodin. Ya gane, a garinsu ma haka ne: wanda ya shayar da kai ruwa, ba ka hana shi ruwa.

"Osmanu, saura kaɗan ka yi retire. In na koma office ba a rufe ba, dole in faɗi wanda ya ƙi. Za su sallame ka. Gobe su turo wani, ya rufe ya yi gaba. Me ka tsare mata?"

Gaskiya ya faɗa. Da furfurar nan tawa, ba mai sake ɗauka na aiki a London. Ta taga ina hango Awabu tana tarar ruwa a tukwane, har da kwanon cin abinci.

Rwang ya dafa kafaɗata, muryarsa ta yi ƙasa.

"Yayana, don Allah. Sauka ka rufe, mu tafi."

Na ce, "Ba zan rufe ba."