Faɗin Hanyar Makara

Tun Balkissa tana 'yar makaranta masana'antar jimar fatu ta bakin kogin Zio ta mutu, ta bar wa mutanen Zongon Lomé ciyawa da macizai. Abu ɗaya aka mora a filin: hanyar da ta ratsa tsakiyarsa. Ta nan ake bi da gawa daga masallaci zuwa maƙabarta, a kafaɗa, ba a mota ba.

Sai ga wani kamfani ya sayi filin, zai kafa gidajen bene masu kallon ruwa. Amma ba zai aza tubali ba sai da yardar majalisar ƙaramar hukuma, wadda kowa ke kira meri. A kwamitin da aka ɗora wa binciken kuwa, Balkissa ce kaɗai 'yar Zongo. Mace ce mai taurin kai tun fil'azal, irin waɗanda in an ce musu a bar zancen, lokacin suke gyara zama.

Ranar zaman farko injiniyan kamfanin, wani dogon mutumin Sokodé mai suna Tchakoura, ya baje taswira ya yi bayani kamar da bakin ƙwarya. An yi maganar ambaliya, an yi ta ƙasar da gubar jima ta ɓata, duk ya ba da amsa. Balkissa ta ɗora yatsa a kan wani siririn layi.

"Wannan fa?"

"Hanyar maƙabarta ke nan, Madam," in ji Tchakoura. "Ba mu rufe ba. Katanga nan, katanga nan, hanya a tsakiya. Mun auna, makara za ta wuce."

"Makara za ta wuce, mutane ba za su wuce ba."

Ta yi musu bayani. Ba mutum huɗu ke kai gawa kabari ba, unguwa ce gaba ɗaya. Jama'a na tafiya ta dama da hagun makarar, kowa ya sa kafaɗa ya ɗan taka, ya zame wani ya karɓa. Tsoho da yaro, mai kuɗi da mai tura kura, kowa na neman ladarsa, kuma wannan ce sallamar ƙarshe tsakanin mutum da abokinsa. In aka matse hanyar, waɗanda suka shiga da makarar su za su fita da ita, saura sai bin baya.

Shugaban kwamitin, wani tsohon malamin makaranta daga unguwar Agbalépédo, ya cire tabarau ya goge. Ba mugun mutum ba ne, amma bai taɓa ganin jana'izar Zongo ba.

"Madam, iyalai da yawa ke jiran gidajen nan," ya ce. "A kan faɗin lungu za mu tsayar da aiki?"

"A kansa, ranka ya daɗe. In an zuba siminti an gama."

Da ƙyar da jiɓin goshi ta samu aka yarda kwamiti ya je ya gani da idonsa kafin ƙuri'a. Dama kamfanin ya riga ya kafa shingen kwano a daidai inda katangun za su tsaya.

Da yamma ta hau zemijan, wato babur ɗin haya, ta nufi gidan Kawu Inoussa, yayan mahaifiyarta, wanda makullin ɗakin makara ke hannunsa. Ta roƙe shi ya ba ta aron makarar da samari, a gwada wa baƙin yadda ake yi. Tsohon ya dube ta kamar ta zage shi.

"Makara ba ta fita ba kowa a ciki. So kike ki kira mana mutuwa?"

"To ku zo meri ku yi magana, Kawu. Ni kaɗai ce a can."

"Ɗiyata, mu baƙi ne a ƙasar nan ko da an haife mu cikinta. Faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa. Sun bar mana hanya, mu gode wa Allah."

Ta tashi ranta a ɓace. Ta zaga wurin liman, ta zaga wurin dillalan shanu, kowa ya sa mata albarka, ba wanda ya ce zai zo.

Da safiyar ranar ziyarar aka yi shelar rasuwar Alhaji Salifou, abokin da Kawu Inoussa ya zo Lomé tare da shi daga Dosso suna samari, suna koro shanun wasu. Za a kai shi bayan la'asar, daidai lokacin da kwamiti zai iso. Balkissa ta ɗauki waya za ta ce a ɗage ziyarar, ta ajiye. Ta ji kunyar kanta ƙwarai, domin ta san tana shirin cin moriyar baƙin cikin kawunta. Duk da haka ba ta kira ba.

Suna tsaye a bakin lungun, Tchakoura na nuna wa shugaba inda za a dasa fitilu, sai ga jama'a sun karyo kwana. Ba hayaniya, sai ƙarar takalma. Makarar na tafe a saman kawuna, kafaɗu na canzawa a ƙarƙashinta ba tare da ta girgiza ba. Shugaba ya cire hularsa.

Kawu Inoussa yana can baya, ƙafa ta hana shi sauri. Ya bar wa samari farkon hanya, da niyyar ya karɓa a cikin filin kamar yadda ya saba. Da aka iso bakin kwanon sai taron ya cushe. Makarar ta shige da masu ɗauke da ita, sauran suka jeru a baya kamar layin famfo. Tsohon ya kutsa, ya miƙa hannu ta saman kafaɗar wani, bai kai ba. Ya sake gwadawa ta gefe, kwano ya yage masa hannun riga. Sai ya tsaya cak, yana kiran sunan abokinsa a hankali, hawaye na bin gemunsa.

Mata ba sa bin gawa, kuma Balkissa ba ta da niyyar bi. Ta tuɓe takalmanta masu tsini, ta bi ta bayan shingen cikin ciyawa da gudu har ta wuce makarar. Ta kama sandar da ke riƙe da fallen kwano ta jijjiga, ta ƙi. Ta sa ƙafa ta danna da dukan ƙarfinta, fallen ya kwanta cikin ciyawa. Ta koma kan na gaba, tafin hannunta na jini.

"Madam! Kayan kamfani ne!" Tchakoura ya ɗaga murya.

"Ka kai ni ƙara gobe. Yau zo ka kama!"

Tchakoura ya dubi Kawu Inoussa. Shi ma ya taɓa ɗaukar mahaifinsa a kafaɗa. Ya ajiye taswirar a ƙasa ya tsallaka ɗaya gefen, ya fara tumɓuke sanduna. 'Yan kwamiti biyu suka bi shi. Samarin da ke baya suka ga abin da ake yi, suka sa hannu, kwano ya yi ta kwanciya dama da hagu, makarar kuwa ba ta tsaya ba.

Balkissa ta dawo bakin hanya tana haki, ƙaya cike da zanenta. Shugaba ya miƙa mata hankici ta ɗaure hannu.

"Abin da kika yi ya saɓa doka, kuma dole in faɗa wa majalisa," ya ce.

"Ka faɗa, ranka ya daɗe. Ni ma zan faɗi nawa."

Ya daɗe yana kallon taron da ya baje ya cika filin. Sannan ya ce, "Ba zan sa hannu a kan taswirar nan ba. Faɗi nawa kike so a rubuta?"

"Ba ni za ka tambaya ba. Ga su can, a auna su."

Can gaba wani saurayi ya zame ya ba da wuri. Kawu Inoussa ya sunkuya ya shiga ƙarƙashin makarar, ya gyara mata zama a kafaɗarsa. Wani ya matso zai karɓe shi, tsohon ya girgiza kai, kuma ba wanda ya sake matsowa har suka kai ƙofar maƙabarta.