Gidan Sauron da Kaka Ta Rina

Tukunya na tafarfasa, Kaka na danna gidan sauro cikin ruwan rini da guntun itace, sai ga ɗanta direba ya shigo da makullin mota a hannu. Ya tsaya turus.

"Inna, me kike dafawa haka? Kar dai na yaron nan ne?"

"Shi ne. Farin ne ba na so."

"Ai matar asibiti cewa ta yi ko a rana kar a shanya shi, balle ruwan zafi. Maganin zai fita."

"Launi kawai na sake masa, ramukansa na nan yadda suke. Sauron da zai ratsa nan sai dai in aljani ne. Wuce ka tafi aikinka."

Ya juya ya fita, don shi ma ya san dalili. Daminar bara zazzaɓin cizon sauro ya ɗauke 'yarsa ta fari, kuma Kaka ce ta yi mata wanka, ita ta naɗe ta a likkafani da hannunta. Saura ƙanenta, wanda Kaka ke tsokana da Maigida. Uwarsa na kwance a asibiti da laulayin ciki, shi ya sa yaron ya dawo ɗakin Kaka, shi da gidan sauronsa fari fat.

Tsakani da Allah ta yi ƙoƙari. Kullum sai ta cusa gefensa ƙarƙashin katifa, kullum da safe ta share matattun sauro a gindin gado. Amma duk sanda ta juya ta hango yaron miƙe samɓal a cikin farin nan, ba motsi, sai ta ga kamar a likkafani yake. Ta ɗaga, ta kara yatsa a hancinsa, ta girgiza shi har sai ya yi kuka, sannan hankalinta ya kwanta.

"Wace irin mata ce ke, ba kya barin miji ya yi barci?" in ji shi wata safiya, yana murza ido. Ta yi dariya, amma tsoron bai bar ta ba.

Kafin magariba gidan sauron ya bushe, ya koma shuɗi mai duhu, warin maganin nan mai sa atishawa ya tafi. Ta ɗaure shi a ƙusoshi, ta cusa gefe kamar kullum. Maigida ya shige ya kwanta. Ta leƙa, ba ta ga komai ba sai duhu, ta ji daɗi har cikin ranta. Rabon da ta yi barci irin na ranar tun kafin rasuwar.

Kiran sallar asuba ma bai tashe ta ba. Da ta farka, haske ya fara shigowa ta ƙasan labule, ɗakin tsit, sai wani siririn amo da ta kasa gane inda yake fitowa.

Sai ta ga yarinyar.

A jikin gidan sauron take, ta waje, kwance a gicciye ba abin da ya tallafe ta: ga kai, ga kafaɗa, ga hannu a miƙe, ga ƙafa a lanƙwashe. Baƙa ƙirin, ta fi shuɗin duhu. Kuma tana numfashi, don Kaka na ganin jikin yana ɗan motsi.

"Ke ce?" Kaka ta ce a hankali. "Me kika dawo ɗauka?"

Amon nan ya ci gaba. Ta sauko da rarrafe tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, ta miƙa hannu za ta taɓa kafaɗar.

Siffar ta watse. Sauro ne, ba iyaka, suka tashi luuu suka cika ɗakin, wasu da ƙyar suke tashi don ƙoshi. Ba ko ɗaya da ya faɗi. A tafin hannunta jini ne.

Ta yaye gidan sauron. Cikin barci Maigida ya mirgina ya manne da ragar, kuma duk inda fatarsa ta taɓa, tun daga kunci har idon sawu, ya yi rudu-rudu da cizo. A kan jikinsa suka jeru suka kwana suna sha ta cikin ramukan, ba abin da ya kore su.

Ya buɗe ido yana sosa hannu.

"Kaka, wa ya kwana yana yi min waƙa a kunne?"

Ta ɗora bayan hannunta a goshinsa, ta bar shi a nan. Bai yi zafi ba tukuna.