Ba Gaba Ya Ce Ba

Shekarar da naira ta fito, Malama Delu, Bakatsiniya, ta kwashi ɗalibanta 'yan matan unguwar Jekadafari suka kafa tanti a bakin kogin Gongola don kallon tsuntsaye. Da hantsi ta sa su gasar ɗebo ruwa.

Wani tsohon makiyayi a tsallake ya ɗaga sanda yana ihu: "Ngabbu! Ngabbu!"

Malama ta yi dariya. "Kun ji, baba ma ya ce ku yi gaba. A'i, kya bari a riga ki?"

Hadijatu, mai jin Fulatanci, ta riƙo mayafinta. "Malama, ba gaba ya ce ba. Dorina yake nufi."

A'i ta riga ta shiga ruwa har gwiwa. Baƙin dutsen da ta nufa ya motsa kunne.