Yarinyar da Ruwa Ya Ƙi Karɓa

Ka gan ta. Kada ka ce mini ba ka gan ta ba. Kana zaune a rumfar mai shayi a bakin gada, wata yarinya mai ƙaton kai ta wuce tana jan ƙafa ɗaya a kan gaɓar tur'a, babbar magudanar nan da aka haƙa don ban-ruwan gonaki, sai ka mayar da idonka cikin kofinka. Sunanta Mairama. Tunda ba ka tambaya ba, bari in gaya maka daga inda ta fito.

A wani kambo, sansanin masu tsinkar auduga, aka haife ta, can cikin gonaki yamma da Hasahisa, nesa da kogi. Ta daɗe ba ta fara tafiya ba, magana kuma sai da ƙyar. Shekarar da tsutsa ta cinye auduga, ƙanenta kuma ya rasu, sai kakarta Iya ta yanke hukunci: wannan ba mutum ba ce, 'yar ruwa ce aka musanya tun a ciki. A can gida Sakkwato, in ji Iya, bakin gulbi ake kai irinsu, a ba su baya, su rikiɗe su koma wurin danginsu. To, nan babu gulbi, sai tur'ar ban-ruwa. Can ubanta Jibo ya kai ta, ya ajiye mata ƙwai da kisra, faffaɗar wainar dawa.

"Baba, in zamna nan?"

"Zamna, ɗiyata. Mutanenki na tahowa."

"Kai hwa?"

Ya ba ta baya ya tafi, bai waiwayo ba.

Ta zauna tana jiran jikinta ya zama maciji. Rana ta take, babu abin da ya fito sai kwaɗi. Gafir, mai tsaron ƙofar ruwa, ya zo ya ji labarinta, ya yi dariya har rawaninsa ya zame.

"Ya bitti, 'yata, wane aljani? Ingilishi suka haƙa ramin nan. Ni ke buɗe ruwan da makulli, ni ke rufe shi. In danginki kike nema, bi shi sama har madatsar Makwar, inda yake fitowa daga kogi. Yalla!"

Wasa yake yi. Ita kuwa ta tashi ta fuskanci inda ruwan ke tahowa.

Ta rayu da zangarniyar dawa da ta ƙwace wa tsuntsaye, da ƙananan kifin da ke maƙalewa cikin laka idan an datse ruwa. Ta koyi kwanciya cikin karan auduga, ta koyi jifan kare a hanci. Labarinta ya riga ta zuwa kowane ƙauye. Kusa da Wad Madani wata mata ta miƙa mata ƙwaryar kunu a bakin sanda, tana gama sha aka fasa ƙwaryar a gabanta. Yara suka bi ta da hoge suna cewa ta nuna musu wutsiya. Masu salla ne duka. Iyayensu suna tsaye.

Da ta isa Makwar fitsarinta ya koma jini, tafin ƙafarta ya tsage. Ta haura bayan madatsar, inda ruwa ya shimfiɗe ba iyaka, ta shiga har ya kai mata ƙirji.

"Na taho," ta ce. "Ku hito."

Ruwan ya dare gida biyu. Wata tsohuwa ta taso, gashinta na gansakuka, hannuwanta sanye da awarwaron ƙayar kifi. A bayanta idanu da yawa suka leƙo. Mairama ta yi murmushi, ta miƙa hannu biyu.

Tsohuwar ta kama yatsunta ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaga leɓenta ta duba haƙora. Ta sunsuni kanta, ta yamutsa fuska.

"Hayaƙin murhu. Nonon mutum. Wa ya aiko ki?"

"Iya ta ce ni taku ce."

"Iyarki ta yi ƙarya. Mu muna ƙirga 'ya'yanmu, ba wanda ya ɓata. Kullum sai sun ƙosa da ciyar da nasu su jingina mana."

"Kaka, ko wanke-wanke in yi muku. Ba ni cin abinci da yawa."

"Ba ki iya numfashi a nan, yarinya. Kuma ba mu son gawa, tana ɓata mana ruwa."

Igiyar ruwa ta ɗauke ta ta jefar a kan duwatsu. Kogin ya rufe.

Tana nan har yau a bayan rumfunan masunta, tana tsintar hanjin kifi tare da shirwa. Ta daina tambayar kowa ko ita ta wa ce. Kogi ya fara cika, wurin da take kwana zai nutse kafin kaka.

Kada ka yi mini salati, kada ka ce Allah sarki. Lorin Sinnar, garin da madatsar Makwar take, na tashi daga kasuwar Madani kowace safiya. Tashi ka hau. Ka je ka ɗauko ta, ka goya ta a bayanka da rana tsaka, ka shigo da ita gidanka ta ƙofar gaba.